Hunturu a Toranke: Garkar Iya da tanderun Umma

Ƙarfe shida da rabi na safe muka bar gida a Kano, amma har muka wuce kasuwar goro ta Mariri direbanmu bai kashe fitilar mota ba. Hazo ya sauko ya rufe titin Maiduguri, ba ka hango motar da ke gabanka sai jar fitilarta. Mu uku ne a kujerar baya: biyu daga cikinmu 'yan jami'a da aka ba hutun ƙarshen shekara, sai Autarmu da ke aji biyu na babbar sakandare. Kowa ya dunƙule cikin rigar sanyi, hannu a hammata. Toranke za mu, garin kakarmu, a Ƙaramar Hukumar Ajingi, kuma ba gaisuwa kaɗai ta kai mu ba. Iya ce ta aiko a kira mu. Saƙonta gajere ne: a gaya wa 'yan bokon nan su zo da takarda da biro, za a cinye mata garka.

Daga Kano zuwa Wudil kimanin kilomita 40 ne. A kan gada muka leƙa kogi, ruwa ya ja baya ya bar yashi fari fat, gefe da gefe kuma lambuna kore shar, injinan ban-ruwa suna ta ƙugi. Da ranar Juma'a ce da mun daɗe a wurin, domin ranar kasuwar shanun Wudil titi kan cushe. Muka wuce salin alin zuwa Gaya. Wanda bai san tarihi ba zai iya ratsa Gaya bai ɗaga kai ba, alhali labarin da aka gada ya ce maƙeran da suka fara zama a gindin Dutsen Dala don neman tama daga nan suka taso, su ne ake kira Abagayawa. Wato kafin a yi birnin da muka baro da safe, akwai Gaya. A nan muka sha shayi, muka bar babban titi muka nufi ƙasar Ajingi, wadda ke iyaka da Jihar Jigawa. Toranke ɗaya ce daga cikin mazaɓunta 10.

Wanda ya saba zuwa ƙauye da damina kaɗai ba zai gane wannan hanya a ƙarshen Disamba ba. An girbe komai. Gonaki sun zama fili fetal, sai tarin kara a jingine kamar bukkoki, da harawa da aka ɗora a reshen bishiya don kada dabbobi su kai gare ta. Kuka ta zubar da ganye, ta tsaya tsirara da 'ya'yanta a rataye. Gawo ne kawai ya yi kore, domin shi ɗabi'arsa a juye take: da damina yake kaɗe ganye, da rani ya tofo. Shi ya sa manoma ba sa sare shi, ba ya tare wa gero rana, kuma ganyen da ya zubar taki ne. Shanun Fulani suna kiwo cikin sauran kara suna barin kashi a gona, wanda shi ma wani tsohon ciniki ne da ba a rubuta shi a takarda ba. Samari da yawa sun tafi cirani. Garin ya yi tsit, sai iska.

Ita wannan ƙura da ke fasa mana leɓe ba ta Ajingi ba ce. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take tasowa ta ratso Sahara, kuma kaso mai yawa na ƙurar daga wani kwari ne da ake kira Bodele a arewacin Chadi, inda a zamanin da can wani ƙaton tafki ya kwanta har ya ƙafe. Masu binciken ƙasa sun nuna cewa ƙurar da ke sauka a gonakin Kano tana ƙara musu ɗan sinadari kowace shekara. Da muka gaya wa Iya haka, sai ta ce to ai sai mu daina share mata ɗaki.

Mun same ta a bakin ƙofa tana jin ɗumi, kasko da garwashi a gabanta. Muka durƙusa muka gaishe ta, muka ajiye goro da sukari da sabulu.

"Mazajen banza," in ji ta, "sai da na aika kafin ku tuna kuna da mata?" Ta juya ga Auta. "Ke kuma kishiya, me aka zo ƙwace mini?"

"Iya, ai ke kika ce a zo da biro."

"Na ce. Ku sha ruwa tukuna."

Garkar tana bayan gida. Mun auna ta washegari da igiyar guga da muka yi wa ƙulli mita-mita: mita 15 daga kudu zuwa arewa, mita 9 daga gabas zuwa yamma. Ta kudu akwai rabin katanga ta bulo da ta kai ƙirji, sauran ɓangarorin dangar kara ce. Rijiya tana can kusurwar kudu maso yamma. Tun kafin a haifi mahaifinmu Iya take noma wannan wuri. Da damina kubewa ce da yakuwa da rama da lalo da karkashi da barkono, kabewa kuma ta hau danga. Yanzu da sanyi 'yan fangali huɗu ne kusa da rijiya: albasa, latas, alayyafo, da tumatir da aka kafa wa sanduna. Zogale uku a tsaye, guda biyu ta kudu, guda ta arewa.

Mai karatu zai iya cewa, to mene ne abin tayar da hankali a kan fili mita 15? Ku tambayi iyayenku mata abin da cefane yake ci a wata. Gidan Baffa baki 14 ne. Hatsi daga gona yake zuwa, amma miya daga nan take fitowa. Abin da ba a ci ɗanye ba a yanka a shanya: busasshiyar kubewa, kauɗar tumatir, garin barkono. A yanzu tumatir araha yake, kwando-kwando a bakin titi. Daga Mayu zuwa Yuni kuwa sai mai hali. A 2016, da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye lambunan tumatir a Kano, gidaje da yawa a birni sun yi makonni ba su ga jar miya ba. Gidan Iya ba su rasa abin kaɗawa a tukunya ba.

Ga matsalar. Babban ɗan Baffa, Yayanmu, an sa ranar aurensa, kuma dole a gina masa ciki da falo kafin ruwa ya sauka. Babu sauran fili a cikin gida sai garka. Baffa ba mugunta yake nufi ba, kuma mun ga gaskiyarsa: fili a bakin gari kuɗi ne, shi kuwa ya fi son ɗansa a kusa da shi. Ya riga ya sa an zube yashi. Niyyarsa ya gina ta kudu, ya ɗora a kan rabin katangar nan, ya rage kuɗin bulo. To nan ne kuma ƙasa ta fi kyau, domin nan turken awaki yake shekara da shekaru kafin a matsar da shi, nan ne kuma kusa da rijiya.

Me ya hana Iya ta faɗa masa da bakinta? Baffa ɗan fari ne. Ba ta kiran sunansa, ba ta zama su yi doguwar magana, balle jayayya. In ta kama dole sai ta ce "mai gidan nan". Wannan kunya ta tsofaffi tana da kyau, amma wani lokaci takan sa magana ta kwana a ciki har a yi gini a kanta. Jika kuwa abokin wasa ne, yana iya faɗin abin da ya ga dama a ɗauka raha ce. Da muka fahimci haka sai muka gane ba don iliminmu aka kira mu ba, baki ake nema. Biro ɗin ado ne.

A daren farko muka yi ɓarna. Matar Baffa, wadda muke kira Umma, 'yar cikin birnin Kano ce, daga wajen Jakara, kuma da sana'ar gurasa ta zo gidan miji. Kullum da asuba takan gasa, yara su kai bakin kasuwa da wurin masu shayi. Muka ce ta huta, mu za mu yi kwaɓi. Fulawa, yis, gishiri, sukari kaɗan, ruwa. Mene ne mai wuya? Muka ɗebo ruwa daga randa, wanda sanyinsa har haƙori yake kamawa, muka kwaɓa, muka rufe da faifai muka bar shi a tsakar gida. Da asuba Umma ta buɗe, kwaɓi yana nan yadda muka bar shi, ko motsi bai yi ba.

Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Ku da kuke jami'a, ba a gaya muku yis rai gare shi ba?"

An gaya mana, mantawa muka yi. Yis wata ƙaramar halitta ce dangin naman kaza. Tana cin sukarin da ke cikin kwaɓi, tana fitar da iskar kabon dayoksaid, iskar ce take kumbura kwaɓin ta bar waɗannan ƙananan ramuka da kuke gani in kun yaga gurasa ko burodi. Tana son ɗumi, wajen digiri 30 a ma'aunin Salshiyos. A ƙasar Kano kuwa daren Disamba da Janairu yakan sauko zuwa digiri 13, wani lokaci ƙasa da haka. Sanyi bai kashe yis ɗin ba, barci ya sa shi. Ruwan da ya tafasa ne yake kashe shi, shi ya sa Umma take gwada ruwan da bayan hannu, in zai yi wa jariri wanka to ya yi wa kwaɓi. Ta ɗora robar kwaɓinmu a kan tukunyar ruwan ɗumi, ta lulluɓe da tsohon bargo. Kafin hantsi ya tashi. Amma masu shayi sun riga sun sayi burodi, cinikin ranar ya wuce, mu muka cinye gurasar har dare.

Tanderun Umma wata ƙatuwar tukunyar ƙasa ce da aka girke a kusurwar madafa aka yaɓe ta da laka har wuya. Ana cusa kara a ciki a kunna, wuta ta ci har bangon ya yi zafi, harshen wuta ya mutu, garwashi ya rage a ƙasa. Sai ta jiƙa hannu, ta ɗebo kwaɓi, ta faɗaɗa shi a tafi, ta zura hannu ta manna a jikin bango. Ɗaya, biyu, har bango ya cika, ta rufe. 'Yan mintoci kaɗan ta buɗe ta ɓamɓaro su da wuƙa, gefen da ya taɓa bango ya yi ja, ɗaya gefen fari da laushi. Ɗayanmu ya ce shi ma zai gwada. Kwaɓin ya sulluɓe ya faɗa garwashi, gashin hannunsa ya babbake, yara suka samu abin dariya na kwana uku.

Gurasa baƙuwa ce da ta zama 'yar gari. Sunanta daga Larabci ya fito, kuma a Kano ana danganta ta da fataken Larabawa da suka ratso Sahara suka zauna a birni. A Sudan ma akwai abinci mai wannan suna. Irin wannan gashi a jikin tukunya ana yin sa a ƙasashen Larabawa, inda suke cewa tannur, da Indiya, inda suke cewa tandur. Bandashe kuwa namu ne: a jiƙa gurasa, a barbaɗa garin ƙuli-ƙuli da yaji, a zuba man gyaɗa, a yanka albasa da tumatir. Albasar da tumatirin da muka ci da shi daga fangalin Iya aka tsinko su, taku goma daga tanderu. Fulawar ce kaɗai ta yi doguwar tafiya, domin mafi yawan alkamar da ake niƙawa a Najeriya daga ƙasashen waje ake shigo da ita, duk da cewa a daidai wannan sanyi alkama take tsaye a gonakin Kadawa da Kura, inda ruwan Dam ɗin Tiga yake kaiwa.

A wannan kusurwa mai ɗumi muka yi aiki na biyu, wanda ya fi gurasa damun Iya. Ta sa aka sauko mata da wata gora daga saman ɗaki. A ciki take ajiye iri, gauraye da toka, bakin a toshe da tsumma. Akwai ƙulle-ƙulle na yakuwa da rama da kabewa, amma abin da take ji da shi irin kubewa ne da take kira 'yar gida. Daga gidan iyayenta ta zo da shi. Gajeriya ce, mai kauri, ga yauƙi, kuma in an shanya ta ba ta baƙi. Bana da kaka Iya ta yi rashin lafiya, yara ne suka ɓare irin suka zuba a gora bai gama bushewa ba. Da muka juye a faifai, wasu sun yi fumfuna, wasu ƙwari sun huda su. Ta daɗe tana jujjuya su da yatsa ba ta ce komai ba.

Auta ce ta tuna da gwajin da suka yi a darasin aikin gona. Ba ya buƙatar komai sai tsumma da ruwa. Muka ƙirga ƙwaya 20 ba tare da zaɓe ba, domin in ka tsinci masu kyau kaɗai kanka ka yaudara. Muka jiƙa su kwana guda, kasancewar fatar irin kubewa tana da tauri, sannan muka jera su a jiƙaƙƙen tsumma muka naɗe, muka sa a kwano muka ajiye a gefen tanderu, inda ɗumi yake kwana. Kubewa ma irin yis ce, ba ta son sanyi. Wanda ya shuka ta a fili cikin Disamba zai ga ta tsugune ta ƙi girma. Kullum da safe mukan buɗe mu yayyafa ruwa mu ƙirga. Kwana uku babu komai. A na huɗu guda biyar suka fito da farin saiwa kamar zare.

A ƙasashen da dusar ƙanƙara take zuba, irin su Kanada da Rasha, ƙasa kan daskare da hunturu, fartanya ba ta shiga. Masu lambu sai su zauna a ɗaki suna duba littattafan tallar iri, suna zana fangali a takarda, suna renon tsiro a bakin taga har sanyi ya wuce. Namu hunturun bai kai haka ba, hasali ma shi ne lokacin da latas da kabeji da karas da albasa suka fi jin daɗi in akwai ruwa. Amma ta wajen garkar damina, mu ma zaman jira muke, kuma abin da aka shirya yanzu shi za a gani a Agusta. Sanyin can ma yana da amfaninsa ga iri. A tsibiran Svalbard na ƙasar Norwe akwai wani rumbu da aka haƙa cikin dutse aka buɗe a 2008, inda ake adana irin shuka daga ko'ina a duniya a sanyin digiri 18 ƙasa da sifili. Cibiyar IITA ta Ibadan, wadda take da reshe a Kano kuma take riƙe da nau'in wake kusan 15,000, tana cikin waɗanda suka fara kai ajiya. Ka'idarsu da ta gorar Iya ɗaya ce: iri ya bushe sosai, ya zauna a sanyi, iska da ƙwari kada su shiga. Sai dai babu wanda ya kai 'yar gida Svalbard. In ta ƙare a wannan gora, ta ƙare.

Maganar gini kuwa sanda ce ta warware mana ita. Da tsakar rana Auta ta kafa kara mai tsawon mita guda a tsakiyar garka. Inuwarsa ta kwanta ta arewa, santimita 70. Ta ce haka malamin labarin ƙasa ya koya musu: muna kan digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu, don haka a Disamba rana ta kudu take karkata, inuwa ta faɗi arewa. Sai a ƙarshen Afrilu da kuma cikin Agusta take bi ta tsakar ka sosai. Muka zauna muka yi lissafi. Ɗakin zai ci mita 4. In ta kudu aka gina shi, bango mai tsawon mita 3 zai jefa inuwar mita 2 cikin garka da tsakar rana, safe da yamma ta fi haka. Mita 6 ke nan sun tafi daga cikin 15, har da ƙasa mai kyau da bakin rijiya. In ta arewa ne, mita 4 kawai za a rasa, inuwar ta faɗa waje, ginin kuma ya tare iskar nan da take kwantar da danga tana ƙona ganyen tumatir.

Muka ƙara da lissafin rufi. Ruwan sama milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita guda ne. Kwanon ciki da falo mai mita 8 da mita 4 zai tara lita 640 a ruwa guda mai milimita 20, wato jarka 25 da ɗoriya. In an sa indararo da duro ta ɓangaren garka, ruwan farko-farko da yakan zo ya ɗauke ba zai tafi a banza ba.

Bayan sallar isha muka sami Baffa a zaure, muka gaishe shi, muka shimfiɗa takarda a gaban fitila. Ya saurara har ƙarshe, ya bi zanen da yatsa. Sannan ya yi tambayar da muka san za ta zo.

"Na ji. Bulon da katangar kudu za ta rage mini, wa zai biya?"

Mun lissafa shi ma: kusan bulo 120, ban da siminti da ladan magini. Ba mu da ko sisi. Muka ce za mu yi jigilar ruwa da yashi a buga bulon a gida, a rage kuɗin lebura. Ya yi murmushi ya dubi tafin hannunmu.

"Allah Ya kai mu," in ji shi. Wanda ya san Baffa ya san wannan ba e ba ce, ba kuma a'a ba.

Da safe aka wayi gari Iya ta sa yaro ya kwance jar akuyarta, ta ce a kai kasuwa. Ba ta ce don me ba, ba ta dubi kowa ba. Baffa ya fito ya ga akuya a bakin zaure da igiya a wuya. Ya tsaya jim, ya ce wa yaron ya mayar da ita turke. Ko kalma ɗaya ba ta shiga tsakaninsa da mahaifiyarsa ba. A ganinmu wannan akuya ta fi duk lissafinmu aiki, kuma mun ɗan ji haushi, don mun ɓata dare biyu a kan takardar.

Sauran kwanakin muka yi su a aiki. Da safe jigilar ruwa ga mai buga bulo, har kafaɗa ta yi tsami, tafin hannu ya yi kanta. Da yamma ramin taki. Mun haƙa shi a kusurwar gabas, zurfinsa zuwa gwiwa, muna jera kashin awaki da busasshen ganye da sharar tsakar gida, muna yayyafa ruwan wanke-wanke a kowane hawa, muna tsince leda. Ɗanyen kashi yana ƙona tsiro, sai ya ruɓe wata biyu zuwa uku, ana juya shi. Tokar tanderun Umma ma nan take zuwa, kaɗan-kaɗan, saboda tana da sinadarin fotashiyam. Karan gona ya gasa gurasa, tokarsa ta koma ƙasa. Ba sabon abu ba ne a ƙasar Kano. Da taki da jaki kakanninmu suka noma gona ɗaya shekara da shekaru ba hutu.

Da dare kuma mu zauna a ɗakin Iya ana jin ɗumi, ƙofa a ɗan buɗe, domin garwashi a rufaffen ɗaki yana kisa, kuma kowane hunturu sai an ji labarin gobara. Daga nesa ana jin karatun almajirai a gindin wutar kara. A nan muka tsara garkar bana. Mu muna rubuta watanni, ita tana gyara mana da nata kalandar. Muka rubuta a juya taki a Fabrairu, ta ce in ɗorawa ta yi fure. Muka rubuta a yi renon barkono da gauta a inuwa cikin Afrilu, ta ce in zafi ya hana barci a ɗaki. Muka rubuta shukar kubewa a Yuni, ta ce in shamuwa ta dawo, gawo ya fara kaɗe ganye, aka yi ruwan da ya jiƙa ƙasa kamu guda, ba yayyafin da ke yaudarar masu gaggawa ba. Tun da fili ya ragu, kabewa za ta hau danga da rufin turke. Yakuwa da rama za su zagaye gefe. Lalo da karkashi ba a ba su wuri ba, ta ce su ba sa jiran gayyata. Tsakiya, inda rana ta fi zama, na 'yar gida ne. Mun so mu sa mata karas da kabeji da yawa don mu birge, ta ce wa zai ja musu ruwa in mun koma makaranta? Muka soke.

A kwana na takwas ƙwaya 11 cikin 20 suka tsiro. Kashi 55 cikin ɗari ke nan. Iri mai kyau ya kamata ya fi haka nesa, amma bai mutu ba. Ma'anarsa, a ramin da Iya ta saba jefa ƙwaya biyu, bana huɗu za ta jefa, in sun fito a cire raunana. Muka tsince masu fumfuna, muka shanya sauran a inuwa kwana biyu, muka sake musu sabuwar toka. Ta raba irin gida uku: kashi ɗaya a gora, ɗaya a kwalba mai murfi wurin Umma, ɗaya ta ƙulle a tsumma ta miƙa wa Auta.

"Kishiya, ki kai birni. In kika bari ɓera ya ci, kada ki ƙara tako mini gida."

Ranar da za mu tafi muka fito da asuba, sanyi kamar ya tsaga ƙashi, ƙamshin gurasa ya cika gida. Muka leƙa garka. An kafa turaku an ja igiya ta arewa. Da muka auna da ƙafa sai muka ga Baffa ya shigo da taku guda fiye da abin da muka zana, kuma zogalen arewa ya faɗa cikin igiya, dole a sare shi. Muka je da saurinmu za mu kai ƙara. Iya ta ce mu bar shi, mu ɗauko adda. Ta sa muka sassare rassan zogalen kamu huɗu-huɗu, muka kafa su a jere inda sabuwar danga za ta bi, muka ba su ruwa guga biyu-biyu. Guda bakwai ne. Ta ce in Allah Ya so, ko huɗu suka kama ta ci riba.

Umma ta ƙulle mana gurasa goma a leda, da garin ƙuli-ƙuli a gefe. Kafin mu kai Gaya saura shida. Auta ta riƙe ƙullin irinta a aljihun rigar sanyi, tana lissafin buhunan siminti nawa za ta cika da ƙasa a bayan ɗakinmu na Kano, da inda za ta samo kashin awaki a unguwar da babu mai turke. Mu kuma an bar mana juyin taki na farko, in ɗorawa ta yi fure.